Katifar da Ta Toshe Kwalbati

Shara nake kwashewa a Runjin Sambo. Da amalanke nake bi gida-gida, in kai juji. Aikin da na sani ke nan.

Wata shekara wasu mutane suka zo da farar mota, aka ce wata ƙungiya ce ta ƙasashen waje ta turo su. Suka gina mana magudanar ruwa ta siminti, daga bakin titi har gangare. Aka tara mu a ƙofar gidan mai unguwa. Wata mata a cikinsu ta ce abu ɗaya suke roƙo, kada a zuba shara a ciki. Suka ba ni sabon amalanke da shebur da takalmin roba. Mai unguwa ya ce ni zan kula da magudanar. Na ce to.

A unguwarmu kowa ya san abin da ake yi da damina. Da hadari ya haɗu sai a fito da shara a juye a kwata, ruwa ya tafi da ita. Ba mai tambayar inda yake kai ta. Haka na tashi na gani. Amma ni aka ba shebur.

Ran nan bayan azahar amalanke ya cika, ga wata tsohuwar katifa shuɗiya a sama. Juji da nisa, ƙafata na ciwo, gabas ta yi baƙi. Na waiga, ba kowa. Na juye duka a magudana, na koma gida na sha fura.

A gangare, inda magudanar ke shiga ƙarƙashin titi, akwai wani tsoho baduku. Ɗakinsa ginin ƙasa ne, nan yake kwana, nan yake ɗinkin fata. Da ruwan sama ya sauko, katifar ta tsaya a bakin kwalbati, shara ta taru a bayanta. Ruwa ya rasa hanya, ya hau ya shiga ɗakin. Kafin la'asar bango ɗaya ya zube. Tsohon ya fita da ransa. Rinannun fatunsa duk suka lalace.

Aka aiko a kira ni. Na shiga ruwa har ƙugu na jawo katifar, mutane suna ta sa mini albarka. Wani tela ya ce, "Wane marar tsoron Allah ya jefa wagga katifa?" Na ce ban sani ba.

Da masu farar mota suka dawo, har hotona suka ɗauka ina riƙe da shebur.

Tsohon ba shi da ƙarfin sake gini. Ya ce zai koma ƙauyen Kwalkwalawa wajen ɗiyarsa. Ni na ɗora abin da ya rage a amalanke, tabarma da buta da akwatin kayan aiki, in kai masa bakin titi ya samu abin hawa.

Muna tafiya ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Kai kaɗai ka shiga ruwan nan."

Na tsayar da amalanke.

"Baba, katifar nan ni na jefa ta."

"Kai?"

"Ni."

"Ba kai aka ba shebur ba?"

"Ni aka ba."

Ya daɗe yana kallon akwatinsa. Sannan ya ce, "Tura mu tafi, rana na yi."

Har ya hau keke mai ƙafa uku bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

Mai unguwa bai sani ba har yau, kuma ni ke kula da magudanar. In hadari ya taso, a bakin kwalbatin nan nake tsayawa da shebur har ruwa ya ɗauke. Ba wanda ya sake gina ɗakin, awaki ke kwana a ciki. Sau biyu na kama hanyar Kwalkwalawa, ina kaiwa gada na juyo.