Lalle a Farcen Ƙafa

Ina aji biyu a kolej ɗin Magarya, shekarar da fari ya cinye mana shanu, aka aiko daga garinmu Yekuwa cewa Inna ta kwanta, Baba ya kai ta babban asibitin Damagaram. Kuɗin mota babu. Mutanen gidan da nake zaune su ma da ƙyar suke ɗora tukunya, ina ni ina roƙonsu?

Sai ga labari: za a yi gasar gudu ta makarantu a Damagaram, kamyon gwamnati, babbar motar nan ta kaya, zai kwashi ƴan wasa kyauta. Ni kuwa gudu, ba yabon kai ba, tun ina bin maruƙa a daji na iya shi. Ranar gwaji na roƙi malamin wasanni, wanda muke kira mushe, ya bar ni in shiga. Ya yi dariya, ya bar ni. Na bar mazan nan suna haki a bayana.

Amma takardar da aka aiko ta ce maza kawai, domin mu mata a makarantar ba mu kai a yi mana rukuni ba. Na durƙusa gaban mushe ina kuka.

“Mushe, ba kofin nake so ba, uwata nake son gani.”

“Ke yarinya, ni na rubuta dokar?”

Kwana uku ina binsa, har ƙofar gidansa. Ana jibi tafiya ciwon gudawa ya kayar da ɗaya daga cikin waɗanda aka zaɓa. Mushe, wanda shi ma kwaɗayin nasara ke cinsa, ya kira ni gefe, bai ko dube ni ba.

“In kin zama namiji kafin jibi, sunansa na nan a takarda. Ban faɗa miki komai ba.”

Na tsefe kitsona, na je wurin wanzami bayan kasuwa. Ya ɗauka ƙwarƙwata ce ta dame ni, har yana yi mini sannu yana aske ni tas. Na ari wando da riga, na ja hula ta rufe hudar kunne. Saura lallen da muka sa na bikin maƙwabta. Na goge ƙafafuna da dutse da toka har suka yi jini, na fata ya dushe. Na farce kuwa, kowace mace ta sani, sai dai farcen ya tsiro ya ture shi. A lokacin kuma duk ba takalmi muke gudu.

Da safe aka jera mu gaban kamyo. Mazan sun gane ni sarai, amma ba wanda ya yi tari, Allah ya saka musu. Wani jami'i da ya zo daga Damagaram yana kiran suna yana duban mutum sama da ƙasa. Na tura yatsuna cikin rairayi. Da ya kira sunan yaron, ya amshi “Na'am” ɗina, ya wuce, sai ya dawo.

“Kai, fito da ƙafarka.”

Na fito da ita. Bai yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Ya ja layi a kan sunan, ya ce doka doka ce. Na riƙe masa riga, na faɗa masa zancen Inna, na ce a ɗora ni ko a kan kaya ne, ba sai na yi gudun ba. Ya ce motar ta ƴan wasa ce.

Da kamyon ya tashi na bi shi. Na bi shi har bayan gari ina ihu, hular ta faɗi, mazan suna miƙo mini hannu, direba bai rage ba. Inda ƙafata ta ƙi, nan na zube.

Bayan kwana huɗu suka dawo. Ina bakin hanya tun hantsi. Mushe ya sauko ƙarshe, ya ce ya je asibitin saboda ni. Ya miƙo mini wani ƙunshi, na gane ɗaurin Baba. A ciki zannuwan Inna ne biyu, da kwanon shanta. Allah ya jiƙan Inna.