Ƙafar Farko a Gidan Ishbel

Duk layinmu a Arbroath babu mai baƙin kek irin na tsohuwa Ishbel Cargill. Tun Nuwamba take kwaɓa shi da zabibi da citta, ta yi ta ɗura masa wiski har ya fi marigayi mijinta buguwa, sannan ta rufe a gwangwani ya jira sabuwar shekara.

Kuma ba ta wasa da ƙafar farko. Wanda zai fara taka mata gida a sabuwar shekara, dole namiji mai baƙin gashi, da dunƙulen kwal a hannu, don shi ke kawo sa'a. Ɗanta tilo kuwa, Lachie, kansa ja wur kamar karas.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Lachie ya sauko daga jirgin ruwa ya riga kowa isa ƙofarta. Ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗan jira, ɗana, Dod mahauci yana tafe." Ana ta tsuga ruwa. Dod kuma ya maƙale a wani gida da kofi a hannu. Da ta buɗe bayan awa biyu, kwal kawai ta tarar a bakin ƙofa.

Tun ranar Lachie bai sake dawowa ba, amma kowace sabuwar shekara yankan farko na kek nasa ne. Sai ta ɗora a faranti, ta ja kujera kusa da taga, ba ta buɗe wa kowa sai rana ta yi tsaka.

"Ishbel, bana ma tsuntsaye za su cinye?" in ji Dod.

"Gara su da kai. Ka je haƙoranka na roba su huta."

Ta yi dariya, amma idonta yana kan tashar bas.

Bana da hantsi aka ƙwanƙwasa. Wani mai tumbi ne da hula, ga kwal a hannu.

"Inna, in jira Dod?"

Ta zare sakata. Shi kuwa ya tsaya cak, ya cire hula. Sanƙo tal, ko sili babu.

"Ina jan ya tafi?"

"Ruwan nan ne ya wanke shi."

Ta shafa kan, ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba.

"Shigo, ja'iri. Ba a ce komai kan mai sanƙo ba."