Ranar da Na Yaƙi Kacallar Landan

Wawan wannan labari ni ne, gara in faɗa da bakina kafin matata Hajiya ta riga ni.

Da 'yata ta kawo mu unguwar Abbey Wood a Landan, sai na zama kayan ɗaki: a ciyar da ni, a kunna mini talabijin. Ni kuwa so nake a ce Baba yana da amfani. Da na dame ta, ta kai ni wurin masu aikin sa kai da take bi ran Asabar, masu gyaran bakin kogin Thames. Wai ruwan ya taɓa mutuwa saboda ƙazanta, yanzu ake lallaɓa shi ya farfaɗo. Aka ba ni takalmin roba da buhu. Shugabarsu, wata Baturiya, ta yi dogon bayani. Turancina na aji huɗu ya tsaya a gaisuwa, sauran na yi ta gyaɗa kai.

Ruwa ya janye, na shiga taɓo ina tsintar robobi. Can bayan wani shinge na hango ta, ciyawa doguwa, tsaye a jere. Mutumin Haɗeja ba ya ganin kacalla ya wuce. Ita ta toshe mana kogi, ta cinye gonaki, ta tara tsuntsayen da ke gama mana da shinkafa. Na ce wato har nan kika biyo ni. Na ajiye buhu, na tsallaka shinge, na hau tumɓuka. Na ɗan yi mamakin yadda take fita ba gardama, amma na ɗauka ƙarfina ne ya dawo.

Na tara tsibi, na kira 'yata ta zo ta ga aikin manya. Ta dafe kai.

"Baba, dasa ta muka yi. Ita ke tace ruwan, ƙananan kifi a cikinta suke ɓuya."

Baturiyar ba ta yi faɗa ba. Ta miƙo mini ɗan shebur, na yini a duƙe ina mayar da abokiyar gabata rami, ina danna mata ƙasa a hankali.

A gida na fara kare kaina, na ce kowane ɗan Haɗeja haka zai yi. Hajiya ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafa ba.

"Alhaji, shekara da shekaru kacalla na cin gonarka, kana gindin bishiya kana zagin gwamnati. Sai da ka samu wadda ba ta yi saiwa ba ka zama jarumi."