Hannun Famfon Tolhurst

A garinsu, can cikin yammacin Queensland ta ƙasar Ostiraliya inda tumaki suka fi mutane yawa, kowa ya san Merv Tolhurst da abu biyu: ba ya yar da komai, ba ya kuma gama komai. Shekara arba'in ya yi yana gyaran injin ruwa a gonakin mutane. Da ya ajiye aiki, sai ya jawo tsohon famfon fetur na garejin mahaifinsa daga bayan rumfa, irin mai tulun gilashi a ka, wanda ake buga hannunsa gaba da baya har mai ya hau.

Ba don ado ba. Yayarsa Noreen ce ta riƙa sayar da mai a famfon nan tun tana 'yar sha biyu. Yanzu idonta ya tafi, tunani ma ya fara bin sahu: yau ta san shi, gobe ta ɗauka mai karanta mita ne. So yake ta taɓa famfon ta gane gida kafin ya ɓace mata gaba ɗaya.

Ya rantse ko ƙusa ba zai sa jabu ba. Ya bi gwanjon gonaki, inda in manomi ya mutu ake baje tarkacensa a rana, maƙwabta su zo su ga asirinsa. Tulun gilashin a falon wata tsohuwa ya same shi, jajayen kifi biyu na yawo a ciki. Bakin tagullar da mai ke fitowa ta cikinsa kuwa, a rumfar askin tumaki ya same shi. Hannun ne ya gagara. Wanda ya tarar a jiki wani lanƙwasasshen bututu ne naɗe da wayar shinge, tun ranar farko ya kwance shi ya cilla cikin tarkacensa a gefen lambu. Sai bayan wata takwas, da tuƙin awa tara a akori-kura, ya dawo da hannu na kamfani, har da lambarsa.

Ranar Lahadi ya ɗauko Noreen daga gidan tsofaffi. Matarsa Glenys ta riƙo ta har gaban famfon. Noreen ta shafa gilashi, ta shafa tagulla. Da ta kai kan hannun sai ta janye.

"Na wane ne wannan?"

"Na Baba ne, Yaya. Ɗan asali."

"Kai, malam, ka ji tsoron Allah. Na kamfanin ai bijimin maƙwabtanmu su Pringle ya karya shi tun ƙanena yana cin ƙasa. Baba ya yanko bututu ya ɗaure da waya." Ta buɗe tafinta, ga wani farin tabo. "Ga shaidarsa. Wannan sumul ɗin ban san shi ba."

Merv ya dubi sabon hannun. Wata takwas yana neman abin da famfon ya fito da shi daga kamfani, bai taɓa tambayar me Noreen ta riƙe ba.

"Wani bututu mai waya?" in ji Glenys, tana duban mijinta. "Injiniya, yana can yana tallafe mini tumatir."

Da gudu ya tafi, irin gudun mai shekara saba'in. Ya dawo da shi da ƙasa a jiki, ya kwance na kamfanin, ya ɗaura tsohon. Noreen ta kama. Yatsunta suka kauce wa bakin wayar da kansu. Ta buga sau ɗaya, sau biyu, famfon ya yi kukan ƙarfe, babu ko ɗigon mai.

"Auta," ta ce, "har yanzu ba ka sa masa giris ba? Tun yaushe Baba ya ce ka sa?"

"Yanzu zan sa, Yaya."

Hannun kamfanin, da lambarsa da komai, shi ke riƙe da tumatirin Glenys yanzu. Ta ce bai kai tsohon ƙwari ba.