Kartar da Malam Yake Kifewa

Shekara bakwai ke nan da aka kai maigidana Malam makwancinsa a nan Manchester, gwangwanin ƙwallon dabinonsa kuwa yana nan a kan firij inda ya bar shi. Ni ban yi boko ba. Da baki na faɗi wannan aka rubuta, don haka a yi haƙuri da ni in na yi zagaye.

A rumbunan kaya na unguwar Cheetham Hill Malam ya yi aiki, a can ya koyo wasan kartar da ake kira poka. Da ya kawo shi gida sai ya gindaya masa dokokinsa. Kuɗi ba ya hawa tebur, domin caca haramun ce. Da ƙwallon dabino ake yi. Ana raba wa kowa karta biyar, ka canza uku in ka so. Tagwaye sun fi tilo, 'yan uku sun fi tagwaye, in ka haɗa 'yan uku da tagwaye ka yi cikakken gida. Ka ɗaure fuska ka turo ƙwallo kamar kana riƙe da sarakuna huɗu, an yarda, amma bakinka kada ya furta ƙarya. Wanda kuma ya kife kartarsa, wato ya janye, ba ya tashi daga tebur, kuma ba mai ganin abin da ya kife sai mai tattarawa. Ni ce mai tattarawa.

Duk Lahadi bayan la'asar ake zama, shi da 'ya'yanmu biyu, Babba da Auta. Ba na karanta baƙaƙen da ke jikin karta, amma na san sarki da gemunsa, na iya ƙirga ɗigo. A nan na gane wani abu da ban taɓa faɗa ba sai yau. Ranar da ɗayansu ya dawo da ɓacin rai, ko jarrabawa ta ba shi kashi, ko an yi masa gorin launin fata a bas, Malam yakan dubi kartarsa ya yi tsaki ya kife. Yaro ya kwashe ƙwallo yana ta cika baki. Ni kuwa in ɗaga in ga cikakken gida. Sai Malam ya ce, "Tattara mana, Hajiya," ba ya ko kallona.

Yanzu jikokina a waya suke yin nasu, karta biyu a hannu biyar a tsakiya, da mutanen da ba su taɓa gani ba. Nakan ce ko me Malam zai ce. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Tambaya zai yi: in ba ka ga fuskar mutum ba, ta yaya za ka san ranar da yake bukatar ya ci?

Da ya rasu, maƙabartar ƙaramar hukuma ta ba da lokacin binnewa. Auta yana Birmingham wurin aiki, ya taso, cunkoson motoci ya riƙe shi a hanya. Babba ya ce ba a ajiye gawa, aka yi jana'iza. Auta ya iso ya tarar an rufe. Tun daga ranar bai ƙara ce wa ɗan'uwansa Yaya ba, bai ƙara cin abinci a gidansa ba. In zai zo gaishe ni sai ya fara tambaya ko wancan yana nan.

Bayan azumin bana na kira su ɗaya-ɗaya. Na ce ko dai su zo su zauna a teburin ubansu ranar Lahadi, ko kuwa ni ma in na mutu kowa ya yi mini jana'izarsa daban. Suka zo. Aka raba karta. Can Auta ya turo ƙwallonsa duka tsakiya, yana jan kunnensa na hagu. Tun yana ƙarami haka yake yi in ba shi da komai a hannu, kowa a gidan ya sani. Babba ya daɗe yana duban kartarsa, ya yi tsaki, ya kife.

Auta ya baje tasa, ko tagwaye babu. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ashe har yanzu tsoro kake ji?"

Babba ya ce, "Tattara mana, Umma."

Na ɗaga na duba. Sarakuna uku da tagwaye. Auta a Salford, nan kusa da Manchester, aka haife shi, ba ya karanta Hausa, wanda kuma ya kai masa wannan magana ni da shi.

Malam bai bar mana gida ba, bai bar fili ba. Gwangwani ya bari, da ɗa wanda ya san ranar da ake kifewa. Lahadi mai zuwa Auta ya ce zai taho da dabino daga Birmingham, wai ƙwallon ya yi kaɗan tunda jikoki za su zauna. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa.