Ɗantsoho Mai Horon Shanu da Kwafin Shari'arsa

A ƙauyen Gamjin Tudu, can ƙasar Dutsi, idan aka ambaci Ɗantsoho, manya sukan tuna da shanun huɗa, yaran yanzu kuwa ba su san shi da komai ba sai sayar da harawa a bakin kasuwa. Sunan kakansa aka sa masa, shi ya sa gida aka sakaya da Ɗantsoho, sunan ya bi shi har tsufan gaske ya same shi.

Horon shanu ya gada wurin mahaifinsa. Mutum zai kawo masa bijimi mai taurin kai, wanda wuyansa bai taɓa jin karkiya ba, ya bar masa ya tafi. Ɗantsoho ba ya dukan dabba. Sai ya huda masa hanci ya zura igiya, ya haɗa shi da wani tsohon sa mai hankali, su yi ta jan gungume a fili har sabon ya gane abin da ake so da shi. Kafin ruwan shuka ya sauka, mai shi zai zo ya karɓi sansa yana bin kunya tiryan-tiryan. Daga Mashi ake kawo masa, har daga tsallaken iyaka. Sana'a ce ta amana, kuma ya san da haka, yana ma ɗan ji da kansa a kai.

Amininsa shi ne Ya'u, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya, suka yi jinya a bukka ɗaya. A shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a a jihar, Ya'u ya kawo masa wani jan bijimi, shi ke nan abin da ya mallaka mai ƙafa huɗu. Wata safiya Ɗantsoho ya fito da dusa a hannu, ya tarar da turke babu komai. Ba a yanke igiyar ba, kwance ta aka yi a tsanake, kuma karen gidan bai yi haushi ba. Wannan shi ya ja masa. Kafin azahar gari ya gama yanke hukuncin cewa ɗan gida ne ya kwance, kuma wane ɗan gida ne ya san hanyar kasuwannin Nijar kamar Ɗantsoho? 'Yan zuga suka taru a kan Ya'u, ya kai ƙara.

Lokacin ko'ina zancen yanke hannu ake yi, saboda haka ranar zama ƙaramar kotun da ke garin kasuwarsu ta cika har waje. Wasu ba don Ya'u suka zo ba, ba kuma don Ɗantsoho ba, sun zo ne su ga yadda abin zai kasance. Alƙali ya nemi shaidu, Ya'u ba shi da ko ɗaya. Aka sa Ɗantsoho ya yi alwala, ya ɗauki Alƙur'ani ya rantse, aka sallame shi. Yana fita mufti, mataimakin alƙali, ya bi shi da cewa ya dawo ya karɓi kwafin hukuncin ya ajiye. Ɗantsoho ya ɗaga hannu ko waiwayowa bai yi ba.

"Me zan yi da takarda, Malam? Kowa ya gani da idonsa, kotu ta wanke ni."

Amma kaka ta zo ta wuce, ba wanda ya kawo masa bijimi. Ana gaisawa da shi, ana cin tuwon sunansa, sai dai in mutum ya sayi ɗan maraƙi ya zagaye ya kai wani gari. Turakunsa suka bushe, matarsa Maiturare ta riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya tana hura wuta. Shi kuma ya koma sayen harawa a gonaki yana kaiwa kasuwa a amalanke.

Bayan 'yan shekaru, wata la'asar, sai ga Ya'u a ƙofar gida yana sallama. Ɗantsoho ya fito zaure ya tsaya, bai shimfiɗa tabarma ba. Ya'u ya rame, idonsa na ƙasa.

"Ɗantsoho, na zalunce ka. Na gano wanda ya kwance bijimin. Lawal ne, ɗana na cikina. Ya sayar da shi ya sayi babur ya tafi Kano. Ka yafe mini, ka zo ranar Juma'a ka tsaya kusa da ni, in faɗa wa jama'a. Ni kaɗai ba zan iya miƙewa ba."

Ɗantsoho ya dube shi, abin da ya daɗe yana ci masa rai ya taso masa.

"Da ka kai ni gaban alƙali ni na tsaya kusa da kai? Ka faɗa ko kada ka faɗa, matsalarka ce. Ni shari'a ta wanke ni, ba na bukatar bakinka."

Ya shige gida. Maiturare, da ta ji komai ta bayan danga, ta roƙe shi har da kuka ya bi bayan mutumin, ya ƙi. Ya'u ya sake dawowa, ya turo liman, ya turo dattijai da saƙon neman sulhu ba tare da ya gaya musu dalili ba, Ɗantsoho bai saurara ba. Juma'a ta yi ta zuwa tana wucewa, Ya'u bai taɓa samun ƙarfin halin tona ɗansa shi kaɗai ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya rasu. Ɗantsoho ya bi jana'iza a sahun baya, ya koma kan harawarsa.

Maganar ta kwanta, ko kuma shi ya ɗauka ta kwanta, har autarsa Fadila ta gama sakandare. Wani malamin firamare mai suna Musaddiq, ɗan Mashi, ya fito nemanta, ita ma tana son sa. An kai gaisuwa, ana batun sa rana, sai aka ji shiru. Da aka bi sawu, ashe kawun yaron, Alhaji Badaru, ya yi bincike a kasuwa, wani ya ce masa ai uban yarinyar an taɓa kai shi kotu kan satar bijimi. Alhajin ya aiko cewa shi ba ya aiki da jita-jita, in da gaske an wanke shi a kawo shaida.

Washegari Ɗantsoho ya sa babbar rigarsa ya hau ɗan acaɓa zuwa kotun. Ya tarar ta tashi daga tsohon gini ta koma sabo, babu fuska ɗaya da ya sani. Magatakardan, wani matashi mai suna Abdulmuhaimin, ya ba shi kujera ya saurare shi har ƙarshe.

"Baba, kana da lambar ƙarar?"

"Lamba kuma? A'a."

"To shekarar fa? Ko sunan alƙalin?"

"Wani dogo ne mai furfura a gemu, mutumin Zango. Shekarar kuwa, an ƙaddamar da shari'a, damina ɗaya ta wuce, muna jiran ruwan shuka."

Abdulmuhaimin ya yi masa bayani cewa sai an rubuta takardar neman kwafi alƙali ya sa hannu, sannan a buɗe sito. Ya rubuta masa da kansa. Alƙali ya tafi taro, aka ce ya dawo wani mako. Da ya dawo aka sa hannu, sai ya zamana makullin tsohon ginin yana hannun wani masinja da ya yi ritaya ya koma ƙauyensu. Ɗantsoho ya bi shi har gona. Ranar da aka buɗe siton, warin jemage ya tarbe su. Littattafan shari'a na cikin buhuna, rufin ya yi yoyo a kan wasu, gara ta ci bayan wasu. Suka wuni suna zazzagewa, Ɗantsoho na kaɗe ƙura da hularsa, matashin na duba shekaru. Na shekarar da suke nema ba ya nan. Tsohon masinjan ne ya tuna cewa an taɓa ɗaukaka wata ƙarar gado daga cikinsa, aka tafi da littafin kotun sama a Daura.

Haka ya shiga zirga-zirgar Daura a motar haya, harawarsa na jibge a kasuwa maƙwabci na duba masa. Ruwa ya sauka, mutane suka yi shuka, shi yana zaune a benci a barandar kotu. Fadila takan tare shi a zaure in ya dawo, ta karɓi takalmansa, ba ta tambaya, shi kuma ba ya iya haɗa ido da ita.

A ƙarshe aka samo littafin, baƙi, mai kauri, ɗaure da tsumma. Babu wuta a kotun, sai wani masinjan kotun ya rungume shi suka tsallaka titi zuwa shagon wata 'yar Ibo, Clementina, mai injin hoton takardu da janareta. Aka buga hatimi, aka miƙa masa. Ɗantsoho na karanta Alƙur'ani da ajami amma ba ya karanta boko, sai ya kai wa Abdulmuhaimin, don ya riga ya saba da shi. Duka-duka rubutun bai cika shafi ba. Matashin ya karanta a hankali: mai ƙara ya kasa kawo shaidu, wanda ake ƙara ya yi rantsuwa, kotu ta sallame shi.

"Ci gaba," in ji Ɗantsoho.

"Shi ke nan, Baba. Sai sa hannun alƙali."

"Ba a rubuta cewa ban ɗauka ba?"

"Kotu ba ta gano wanda ya ɗauka ba. A shari'a dai ba ka da laifi, wannan ba shakka. Amma abin da aka rubuta ke nan."

Ɗantsoho ya karɓi takardar ya naɗe. Shekara da shekaru yana tunanin akwai wani wuri da aka rubuta gaskiyarsa ɓaro-ɓaro aka ajiye. Ashe mutum ɗaya ne ya taɓa riƙe ta, ya kawo masa ita har zaure, ya kore shi.

Duk da haka ya kai takardar Mashi. Alhaji Badaru ya karɓe shi da mutunci, ya sa tabarau ya karanta, ya naɗe ya mayar masa.

"Malam Ɗantsoho, ni ban ce ka yi ba. Amma wannan ai rantsuwa ce, tsakaninka da Ubangijinka. Ba wanda ya san inda bijimin ya shiga?"

Daga nan bai zarce gida ba, sai gidan marigayi Ya'u. Matarsa Laraba ta tsufa, ta yi masa magana daga bakin ƙofar ɗakinta. Ya ce mata ya san ta sani, kalma ɗaya yake roƙo gaban Alhajin, saboda Fadila. Ta yi kuka sosai, sannan ta ce Lawal ne ke ciyar da ita yanzu, yana da iyali da mutunci a Kano, kuma marigayi bai bar mata wasiyyar ta faɗa ba.

"Da ka bi shi masallaci ranar nan, da an gama," ta ce. "Har ya kwanta ciwo yana sauraron sallamarka."

Ɗantsoho bai matsa mata ba. Maiturare ta ce ya fito ya faɗa da bakinsa, ya ce wa zai yarda da wanda ake zargi yana ɗora wa ɗan mamaci laifi? Mutanen Mashi suka aiko aka mayar musu da kayansu. Musaddiq ya zo sau ɗaya a ɓoye ya ba Fadila haƙuri, daga baya aka ji ya yi aure a danginsu.

Fadila ta yi shekara biyu a gida, ta shiga makarantar koyon aikin jinya, a can ta haɗu da wanda ta aura, wani mai shagon magani a Daura. Ba ta taɓa ɗora wa mahaifinta laifi ba, sai dai ta daina yawan dariyar da aka san ta da ita, kuma shi ya lura. Ranar da za a kai ta, ya riƙe hannunta a zaure ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Baba, bari kawai. Allah bai yi ba ne."

Ya rayu wasu shekaru bayan haka. Ƙafafunsa suka yi nauyi, ya bar zuwa kasuwa, ya koma zama a gindin bishiyar bedin da ke ƙofar masallaci. Liman ya ce sau da yawa in an idar da salla yakan ji shi yana yi wa Ya'u addu'a da suna, mutane na mamaki, shi kuwa bai taɓa yi wa kowa bayani ba. Ya rasu da rani, bayan gajeriyar jinya. An yi masa salla da jama'a mai yawa, aka yi ta yabon haƙurinsa da iya hulɗarsa da dabba. A hanyar dawowa daga maƙabarta wani baƙo ya tambayi na kusa da shi ko wane ne mamacin, aka ce masa wani tsohon mai horon shanu ne, wanda aka taɓa yin wata magana a kansa.