Yadda Jawa Suka Duba Ƙafar Jikana a Ka'akiyya

Mun tashi da asuba daga Jidda, ni da mai ɗakina, saboda kiran da ɗana ya yi mini daga Makka. Direba ya tsauwala kuɗin mota, ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis da muka karya da su a hanya kuwa gishiri ya yi musu yawa. Hantsi bai dubi ludayi ba muka sauka a unguwarsu Ka'akiyya.

Matar ɗana 'yar Indunusiya ce, irin waɗanda a nan muke kira Jawa. Wasu malamai mata daga ƙasarsu sun zo makarantar su jikana domin gwada gudu da tsalle da cafe ƙwallo na waɗanda ba su isa firamare ba. Surukata tana so a gwada jikana, ɗana kuwa ya ce sai na yarda.

Zuciyata ba ta kwanta ba. Na tarar an jera yara a farfajiya, baƙi sun zuba musu ido suna rubutu, wata tana ɗaukar hoto, ban ji bakin da ya ce tubarkalla ba. A gidanmu ba a ƙura wa yaro ido haka. Na tambayi babbarsu da Larabci inda za a kai sunayen, ta ce jami'arsu. Wace ce jami'a da za ta damu da ƙafar jikana?

Na gindaya sharaɗi: babu hoto, babu suna, kuma a ambaci Allah tukuna. Ta amince.

Yaro ya yi gudu lafiya. Da aka ce ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, sai ya kife. Ya sake, ya sake kifewa. Malamar ta lallatsa gwiwarsa, ta ce ba ta ga ciwo ba, ta tambayi inda yake wasa. Surukata ta sunkuyar da kai, ta ce mini:

"Baba, a hawa na huɗu muke. Ƙasa duk motoci ne."

Bayan la'asar muka kamo hanyar Jidda. Har yau ban san abin da jami'ar nan take nema ba, kuma ban yi nadamar hana suna ba. Amma na ga jinina, ɗan shekara biyar, bai iya tsayuwar langa ba. Na umarci ubansa ya riƙa kawo mini shi duk Juma'a, domin gidana yana da tsakar gida.